Neman shawara: hanyoyin tattaki da kare a bakin kogi, daji da gaɓar teku a kudancin Ingila

Bazazzagi a Reading:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a garin Reading, yamma da Landan, inda nake aikin jinya, kuma wata amana ce ta kawo ni neman shawararku. Maƙwabciyata dattijuwa ce Baturiya wadda ta yi wa iyalina halacci tun zuwanmu ƙasar nan. An yi mata aiki a ƙugu, likitoci kuma sun ce za ta ɗauki watanni kafin ta koma doguwar tafiya da ƙafa. Tana da kare irin mai dogon kunne da yalwar gashi da ake kira spaniel, wanda ya saba da fita kullum safe da yamma, kuma tun da aka kwantar da ita ya shiga haushi da tonon lambu saboda zaman wuri ɗaya. Na ɗauki nauyin fita da shi daga watan Afrilu zuwa ƙarshen Satumba. Karen yana kwana a gidan uwargijiyarsa, nawa dai fitar ce kawai.

Zagayen unguwa ba ya isarsa, ni ma kuma ina so in yi amfani da ranakun hutuna in ga ƙasa. Saboda haka nake tambayar waɗanda suka daɗe a nan: waɗanne hanyoyin ƙafa ne aka yarda a bi da kare a bakin Kogin Tems, a cikin daji, da kuma a gaɓar teku, waɗanda mutum zai iya kaiwa gare su ta jirgin ƙasa tunda ba ni da mota? A ina ne aka halatta a kwance masa igiya ya yi gudu, a ina ne aka hana? Sannan mene ne doka ta ɗora wa wanda ya fito da karen da ba nasa ba? A gida na san karen farauta da karen gadi, amma ban taɓa riƙe kare da igiya ba, don haka kada a ɗauka akwai abin da ya yi ƙanƙantar da ba sai an faɗa mini ba. Allah ya saka da alheri.

Dattijon Maidenhead:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya ba ka ladan maƙwabtaka. Abu na farko da zai kwantar maka da hankali shi ne, a Ingila samun hanyar da aka yarda a bi da kare ba shi ne wahala ba, domin kusan duk hanyar ƙafa ta jama'a, wadda za ka ga an kafa mata alamar kibiya mai ruwan ɗorawa a jikin gungume, kana da haƙƙin binta da karenka ko da ta ratsa tsakiyar gonar wani. Wahalar tana wajen sanin abin da ke kiwo a cikin gonar da kuma watan da ake ciki, kuma watannin da ka ambata su ne mafi tsanani a shekara, saboda a cikinsu tumaki ke da 'ya'ya ƙanana, shanu ke waje da maruƙansu, tsuntsaye kuma ke ƙyanƙyasa a ƙasa.

Shawarata ka fara da kogi, tunda a ƙofar gidanka yake. Hanyar da ke bin gaɓar Tems an buɗe ta a 1996, tsawonta kusan kilomita 300 ne daga mafarin kogin kusa da Kemble har cikin Landan, kuma alamarta hoton ƙwallon wani babban itace ne da ake kira ok (oak). Mafi sauƙi shi ne ka tashi daga Reading ka bi ruwa ka gangara zuwa Sonning, tafiyar kamar mil 3 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Idan kun ƙara sabo da juna sai ka zarce ta Shiplake har Henley, ka dawo ta jirgin ƙasa da canji a Twyford. Jiragen ƙasar nan suna ɗaukar kare har biyu ga kowane fasinja ba tare da biyan ko sisi ba, muddin yana ɗaure kuma bai hau kujera ba. Ka dai kauce wa Henley a farkon Yuli, lokacin gasar tseren kwalekwale da ake yi a can tun 1839, domin gaɓar takan cika maƙil da jama'a da rumfuna.

Yankin da na fi so shi ne tsakanin Pangbourne da Goring, garuruwa biyu da kowannensu ke da tashar jirgi a kan layin Reading. Za ka haye gadar Whitchurch, hanya ta rabu da ruwa ta hau tudu, sannan ta shiga kurmin Hartslock inda za ka riƙa hango kogin a ƙasa ta tsakanin itatuwa. Wurin yana da inuwa, abin da kare mai gashi ke buƙata a Yuni da Yuli, sai dai gefen hanyar yana da gangare sosai, don haka ba nan ne wurin gwada ko yana jin kiranka ba.

Game da doka, ka riƙe wannan da kyau. Dokar kare dabbobin kiwo ta 1953 ba mai kare kaɗai take kamawa ba, har da wanda karen ke hannunsa a lokacin, wato kai. Kuma ba sai ya ciji tunkiya ba ne laifi ya tabbata. Korarta kawai ya isa, domin tunkiya mai ciki takan yi ɓari saboda firgita. Wata dokar ta 1971 kuma ta ba manomi kariya idan ya harbe karen da ke far wa dabbobinsa alhali babu wata hanyar tsayar da shi. A filayen da dokar 2000 ta buɗe wa jama'a su yi yawo yadda suke so, wajibi ne kare ya kasance a igiyar da ba ta wuce mita 2 ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, kuma a kowane lokaci idan akwai dabbobin kiwo kusa.

A filin da dabbobi ke kiwo, wuri ɗaya ne ake sakin igiya da gangan, shi ne idan shanu suka taso muku. Shanun nan ba kamar na Fulani ba ne da suka tashi tare da makiyayi da karensa. Waɗannan a killace suke su kaɗai, kuma saniya mai ɗan maraƙi idan ta ga kare takan ɗauke shi abokin gaba. An sha samun waɗanda shanu suka tattake har lahira domin sun ƙanƙame igiya ko sun sunkuya su kare karen. Ka sake shi, ya fi ka gudu, kai kuma ka nufi shinge mafi kusa a natse. Idan tun daga ƙyaure ka hango maruƙa a filin, ni dai nakan juya in nemi wata hanyar.

Dakta Maman Sadiq:

Assalamu alaikum. Baba ya gama magana a kan doka da shanu, ni kuwa zan tsaya a ɓangaren da ya shafi aikina na likitan dabbobi. Malam, kafin fitarku ta farko ka zauna da dattijuwar ka tambaye ta katin rigakafinsa, sunan asibitin dabbobin da take kai shi, da kuma ko yana da inshora, domin a ƙasar nan jinyar mutum ce gwamnati ta ɗauke, ta dabba kuwa daga aljihu ake biya, kuma kwana ɗaya a asibitin gaggawa na iya cinye albashi. Ka duba cewa abin wuyansa yana ɗauke da suna da adireshin mai shi, kamar yadda doka ta wajabta tun 1992, ka kuma tabbatar lambar wayar da ke rajiste da 'yar na'urar da aka dasa masa a ƙarƙashin fata, wadda ta zama dole tun Afrilun 2016, lamba ce da za a ɗauka idan an kira. Zai yi kyau a ƙara taka lambar a jikin abin wuyan na tsawon waɗannan watanni.

Irin karen da ka ambata an samar da shi ne domin tayar da tsuntsaye daga cikin ciyawa da ɗauko su daga ruwa, saboda haka da ya ga kogi zai nemi faɗawa. Ka bar shi ya yi iyo a inda gaɓa ta kwanta kuma ruwa ke tafiya a hankali, amma ka ɗaure shi tun daga nesa idan kun doshi madatsun ruwa da ƙofofin da jirage ke wucewa, irin na Sonning ko Hambleden, domin ruwan da ke zubowa daga madatsa yana juyawa ya danne duk abin da ya faɗa ciki. Manyan fararen tsuntsayen ruwan nan masu dogon wuya ma suna da faɗa ƙwarai idan suna tare da 'yan tsakinsu. A tafkuna da kududdufai kuma, idan zafi ya yi tsawo, wata gansakuka mai launi tsakanin kore da shuɗi takan taso saman ruwa ta taru a gefe. Tana da guba mai lalata hanta, kuma kare na iya mutuwa cikin sa'o'i idan ya sha ko ya lashe jikinsa bayan wanka. Ka ɗauki ruwansa daga gida da ɗan kwano, kada ƙishirwa ta kai shi ga shan abin da ya samu.

Abin da ya fi kawo mana wannan nau'in kare daga Yuni zuwa Agusta shi ne ƙwayar busasshiyar ciyawa. Yadda ƙarangiya ke maƙale wa mai ratsa gona take kama gashi, sai dai ita tana da tsini ɗaya mai tafiya gaba kawai, don haka takan huda fatar da ke tsakanin yatsu ko ta gangara cikin kunne. Idan kun dawo, ka zaunar da shi, ka buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaga kowane kunne ka duba cikinsa, ka shafa hammata da matsematsi. Idan ka ga yana girgiza kai ba ƙaƙƙautawa ko ya dage da lasar ƙafa ɗaya, a kai shi asibiti a ranar. A wannan dubawar ce za ka ga kaska, wadda ta yi yawa a duk dajin da barewa ke kiwo. Ana sayar da ɗan ƙugiyar roba mai arha da ake zura mata a gindi a murɗa ta fita da kanta. Kada a ƙona ta ko a shafa mata mai, domin hakan kan sa ta amayar da abin cikinta a jini. Kai ma ka duba ƙafafunka, saboda cutar Lyme da take ɗauka tana kama mutum.

Maciji mai dafi iri ɗaya ne tak a Birtaniya, dangin kububuwa ne, gajere mai baƙin zane a karkace a gadon baya, kuma yakan fito shan hantsi a filayen ƙananan ciyayi da bakin teku daga Maris zuwa Oktoba. Yawanci a hanci ko a ƙafar gaba yake saran kare. Idan hakan ta faru, a manta da tsaga da tsotsa da ɗaure ƙafa da aka saba yi a ƙauyukanmu. Ka ɗauki karen a hannu domin kada motsi ya yaɗa dafin, ka kira asibiti tun kana hanya. Mafi yawansu suna warkewa idan an kai su da wuri.

Zafi kuma kada a raina shi don an fito daga Zariya. A Yulin 2022 ma'aunin zafi ya haura 40 a ƙasar nan, kuma kare ba ya yin gumi a jiki, da haki yake sanyaya kansa. Ranar da aka tashi da zafi ku fita bayan asuba ku dawo kafin hantsi.

Ɗan Agadas na Poole:

Gaisuwa ga Baba da Dakta. Ban musa ko ɗaya daga abin da suka faɗa ba, amma ina jin tsoron kada ɗan'uwanmu ya karanta wannan duka ya ga kamar kowace ciyawa maciji ce, ya ƙare watanninsa tsakanin Reading da Sonning. Teku na nan, kuma a ganina ya fi gonakin bakin kogi sauƙin sha'ani, domin a kan rairayi babu tunkiya babu saniya.

Hanyar gaɓar kudu maso yamma ita ce mafi tsawo cikin manyan hanyoyin da aka daɗe ana bi a Ingila, mil 630 daga Minehead, ta zagaye Devon da Cornwall, ta ƙare a bakin mashigin ruwan Poole inda nake. Ba wanda ya ce a bi ta duka. Daga Reading akwai jirgin da ke bi ta Southampton zuwa Bournemouth. Daga nan ka ɗauki bas zuwa Sandbanks, ka haye a jirgin fiton da ake ja da sarƙa, tsallakawar 'yan mintuna, sai ga ka a kan rairayin Studland mai tsawon mil da yawa. A nan ba a hana kare shiga a kowane wata ba, sai dai daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba dole ya kasance a igiya. Wannan sassauci ne babba, domin yawancin rairayin manyan garuruwa ƙananan hukumomi kan hana kare taka su ɗungurungum daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba, kuma kowace hukuma da nata tsarin, don haka allon da ke bakin shiga shi ne hukunci.

Daga ƙauyen Studland hanya ta hau zuwa fararen duwatsun allin da ake kira Old Harry, waɗanda suka tsaya a cikin ruwa bayan teku ya cinye abin da ya haɗa su da tudu. A nan ne zan fi Baba ma tsanantawa. Bakin dutsen ba shi da shinge, ciyawa ce shimfiɗe har inda ƙasa ta yanke, alli kuma yana zaizayewa ta ƙasa ba tare da an gani daga sama ba. Karen da ya bi zomo ko tsuntsu da gudu ba ya sanin ƙasa ta ƙare. Igiya gajera, kai kana ɓangaren teku shi yana ɓangaren tudu. Idan ƙaddara ta sa ya faɗa ko ruwa ya ja shi, a kira 999 a nemi masu tsaron gaɓar teku, kada a bi shi. Sau da yawa karen kan fito da kansa, mai shi ne ake rasawa. Ka kuma duba jadawalin cika da janyewar teku kafin ka bi gindin kowane dutse, ka hana shi shan ruwan gishiri domin yana sa amai da zawo.

Bazazzagi a Reading:

Na gode ƙwarai Baba, Dakta da ɗan'uwana na Poole. Na je na duba katin rigakafin, komai ya cika, dattijuwar kuma ta ce yana jin kira sai dai idan ya ga zomo, wanda a fahimtata hakan na nufin igiya a bakin dutse ba fashi. Saura daji. Abokan aiki suna ta ambata mini New Forest, wasu na cewa can ne kare ke sakewa ya yi gudu son ransa, wasu kuma na cewa akwai wata cuta a wurin mai kashe karnuka. Wanne ne gaskiya, kuma ya cancanci kuɗin jirgi?

Dattijon Maidenhead:

Dukansu akwai ƙamshin gaskiya. Wurin tsohon gandun farautar sarauta ne tun wajen 1079, an kuma mayar da shi gandun ƙasa a 2005, kuma akwai jiragen layin Bournemouth da ke tsayawa a Brockenhurst, ƙauyen da ke tsakiyarsa, inda daga tasha za ka iya shiga daji da ƙafa. Abin da abokan aikinka ba su faɗa maka ba shi ne dajin makiyaya ce. Gajerun dawakai dubbai, da shanu da jakuna, suna yawo a sake har kan titin ƙauye, kuma kowannensu yana da mai shi a cikin mazauna yankin da ke da tsohon haƙƙin kiwo. Tun 2023 an haramta ba su abinci ko shafa su, da tara a kai. Goɗiya mai ɗan duƙushi tana harbi tana cizo, kuma a Mayu da Yuni suke haihuwa. Daga Satumba kuma akan saki aladu su cinye ƙwallon ok da ya zuba, domin yana yi wa dawakai illa idan suka ci da yawa.

Dajin kashi biyu ne a wajen mai kare. Akwai buɗaɗɗun filaye masu gajerun ciyayi da dausayi, inda tsuntsaye ke ƙwai a ƙasa daga Maris zuwa Agusta, macijin da Dakta ta ambata ma can ya fi yawa. A nan ku tsaya kan babbar hanya, shi kuma yana ɗaure. Akwai kuma kurmi mai shinge da hanyoyin tsakuwa, kamar na Blackwater a kan titin Rhinefield, inda aka dasa dogayen itatuwan Amurka tun wajen 1860 kuma zagayen bai kai mil 2 ba. A irin wannan wuri, idan ka duba gaba da baya babu doki babu barewa, kana iya kwance shi muddin yana gaban idonka. Kashinsa kuwa ko a tsakiyar daji ne a kwashe a leda a tafi da shi har kwandon shara. Rataye ledar a reshe da wasu ke yi ƙazanta ce kawai.

Dakta Maman Sadiq:

Cutar da suke nufi ita ce wadda ake kira ruɓewar Alabama, kuma sunan dajin ya manne da ita ne saboda a can aka ga wasu daga cikin na farko a Birtaniya a 2012. Daga baya an same ta a sassa da yawa na ƙasar, don haka ba ta wuri ɗaya ba ce. Takan fara da gyambo a ƙafa, ƙirji ko baki wanda ba a san dalilinsa ba, bayan 'yan kwanaki ta taɓa ƙoda, kuma idan ta kai nan da wuya a ceto karen. Amma ba ta da yawa ko kaɗan idan aka kwatanta da yawan karnukan da ke shiga dazuzzuka kullum, kuma mafi yawan waɗanda ake gani tsakanin Nuwamba da Mayu ne, lokacin taɓo da danshi, wato akasarin watanninka ba sa cikin wannan lokaci. Ka wanke masa ƙafafu da ciki da ruwa idan kun bi ta laka, kuma duk gyambon da ya fito ba tare da ka ga abin da ya ji masa ciwo ba a nuna wa likita a ranar. Idan kuɗin jirgin ya yi maka yawa, dajin Swinley da ke kusa da Bracknell ya fi kusa da kai nesa ba kusa ba, yana da faffaɗan hanyoyi a ƙarƙashin inuwa, sai dai ka kauce wa layukan da aka ware wa masu tseren keke, domin suna gangarowa da gudu kuma ba a jin tahowarsu.